Darasi: Kada Ki Dangwala Sai Kin Fahimta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan'uwa mata, darasinmu na wannan fitowa a kan neman izini ne a aikin taimakon jama'a. A unguwannin da ke kewaye da masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, inda dagwalon majemun fata ke damun mutane, ma'aikatan jin daɗin jama'a da na ƙungiyoyi kan shigo gidaje da takardu, na gwajin lafiya ko na tallafin jari, a ce wa uwargida ta dangwala. Sau da yawa kunya da talauci kan hana ta tambaya.

Mu a Kano mun ga illar haka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara kusan 200 ne aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin kuwa ya ce an nemi yardarsu da baki. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Raɗaɗin abin yana cikin dalilan ƙin allurar shan-inna a 2003.

Addininmu ya riga ya koya mana. Da aka 'yanta Barira, Manzon Allah (SAW) ya roƙe ta ta koma wa mijinta Mugis. Ta tambaya ko umarni ne, ya bayyana mata ceto yake yi. Ta ƙi, bai kuma tilasta ta ba. Ashe shawara daban, umarni daban.

Don haka, kafin ki sa hannu:

1. A karanta miki takardar da Hausa.
2. Ki tambayi amfaninta, da illarta, da wanda zai ga sirrinki.
3. Ki nemi lokaci ki shawarci maigida.
4. Kina da ikon cewa a'a, ko janyewa daga baya.

Ke kuma 'yar ƙungiya mai kai taimako, ki sani buhun shinkafarki bai ba ki ikon yanke wa marayu da zawarawa hukunci ba, balle ɗaukar hotonsu ba da yardarsu ba. Amana ce, kuma za a tambaye ki.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.