Fitsari da Ƙarfin Namiji: Jan Hankali ga Dattawa

Jama'a, akwai abubuwa uku da ke damun magidanci idan ya haura shekara 50, amma ba ya faɗinsu wuri guda. Yawan tashi fitsari da dare, wannan ya ce tsufa ne. Raunin gaba, sai ya ce basir ne ko sanyi, ya nufi mai magani a tasha. Kasala da gushewar sha'awa kuwa, wani har cewa yake sammu aka yi masa. Alhali kuwa sau da yawa tushen ukun ɗaya ne.

A ƙasan mafitsarar kowane namiji akwai wani ƙullutu kamar ƙwayar goro, likitoci na kiransa furostet. Hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. Yayin da shekaru ke tafiya sai ya riƙa girma, ya matse hanyar. Kimanin rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan kumburi. Shi ya sa za ka ga dattijo ya daɗe tsugune da buta yana yunƙuri, fitsarin na zuwa siriri. Ya yi tsarki, ya yi alwala, ya shiga sahu, sai ya ji ɗigo a wando. Kumburin ba ciwon daji (kansa) ba ne, amma alamunsu kan yi kama, kuma gwaji ne kaɗai ke rarrabewa.

To, ina haɗin wannan da sha'anin iyali? Jijiyoyin jini da na ji da ke yi wa mafitsara da furostet aiki maƙwabtan na gaba ne. Abin da ya ɓata waɗancan yakan taɓa waɗannan: ciwon suga, hawan jini, teɓa, da shan taba. Saboda kusancin ne ma a 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwaya ɗaya, tadalafil, domin matsalolin biyu. Kuma raunin gaba kan zama gargaɗin farko na ciwon zuciya.

Sai sinadarin mazakuta, wato testosteron, wanda 'ya'yan maraina ke samarwa. Daga wajen shekara 40 yakan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Teɓa da ciwon suga na ƙara rage shi, haka ma rashin barci, domin cikin barci yake hauhawa. Wanda fitsari ke tasa sau huɗu kafin asuba, ina ya ga barci? Amma kada kowa ya yanke wa kansa hukunci. Da jini ake auna shi, da safe, kuma sai an maimaita. Yin allurarsa da ka yana kaurara jini, yana rage ƙwayoyin haihuwa, kuma haɗari ne ga mai kansar furostet.

Maganin ƙarfin maza na bakin titi, wanda ake tallarsa da lasifika, an sha gano ƙwayar asibiti a dake a ciki, ba awo ba ƙa'ida. Idan ta haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya, jini kan faɗi warwas. A gefe guda, shi ma maganin furostet na asibiti wani kan rage sha'awa, wani ya rage fitar maniyyi. Wanda ya ga haka ya koma ya gaya wa likita a canja masa, kada ya daina sha a ɓoye.

Idan fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, ko aka ga jini a ciki, kada a kwana a gida, domin jinkiri na iya lalata ƙoda.

Malam, in ka shiga wurin likita, ajiye kunya a bakin ƙofa. Faɗa masa ukun gaba ɗaya, ka nemi a auna maka suga, hawan jini da furostet.