Yadda Ake Gano Ruwan Tafkin Chadi da Ya Ɓuya a Ƙarƙashin Ciyayi

A farkon shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye ruwan, ciyayi suka rufe yawancin abin da ya saura. Hoton tauraron ɗan'adam na yau da kullum kore kawai yake nunawa a wurin, sai a ɗauka tudu ne, alhali masunci na tura kwalekwale a ciki. Shi ya sa masana suka koma auna zafi.

Da farko ana zaɓen lokaci, kuma rani ake jira. Da damina gajimare na tare na'urar auna zafin, ƙasa ma duk a jiƙe take, ba a iya bambanta fadama da gona.

Sai a ɗauko hotunan. Na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua na hukumar NASA ta Amurka tana auna zafin doron ƙasa dare da rana, kowane ɗigo a hoton kilomita 1 ne. Mai son ganin ƙananan mashigai sai ya nemi na Landsat 8 da 9, masu ɗigon mita 100. Duk kyauta ne a intanet. Kwamfuta ta fara zubar da ɗigon da gajimare ya rufe, ta rage kuskuren da tururin iska ke jawowa.

Babban aikin shi ne kwatantawa. Da azahar yashin da ke kewaye da tafkin yakan yi zafin da ba a takawa ba takalmi, da asuba kuma ya huce sarai. Ciyawar da saiwarta ke cikin ruwa ba ta haka. Ruwa na jinkirin ɗaukar zafi, kuma tururin da ganye ke fitarwa na sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Inda aka ga sanyi da rana, kuma tazarar zafin rana da na dare kaɗan ce, akwai ruwa a ƙasa. A ja iyaka, a ƙirga ɗigogin, a samu faɗin.

Daga nan dole a shiga tafkin a tabbatar, domin ƙasa mai laima na iya yaudarar na'ura. Wannan matakin bai kamata a tsallake shi ba ko da rashin tsaro ya sa ya yi wuya.

Binciken da aka yi ta wannan hanya ya nuna ruwan ya ninka wanda ido ke gani a fili. Ya kamata Hukumar Tafkin Chadi da ke Njamena ta riƙa sanar da manoma da masunta wannan awo kowane rani.