Kiran Sunayen Abincin Italiya da Sifaniya Yadda Masu Shi Ke Kiransa

Babbar matsalar da ke sa harshenmu ya harɗe a kan sunayen abincin Italiya da Sifaniya ita ce: muna karanta su da bakin Turancin Ingilishi. Alhali kuwa Bahaushe ya fi Bature ɗan Ingila kusa da daidai, domin wasulan harsunan nan biyu a rubuce guda biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda muke furta su a rubutun boko haka suke.

1. A karanta kowane wasali, har na ƙarshe. Miyar kayan lambun nan minestrone, "minestrone" ce, da "e" ɗinta kamar ta "gobe". Haka mascarpone. Kada a haɗiye wutsiyar kalma.

2. A riƙe baƙi mai ninki. Nan ne muka fi kowa sa'a. Wanda ya san bambancin "baba" da "babba" ba zai sha wahala da spaghetti ko mozzarella ba. A Italiyanci ninkin nan yana canza ma'ana ƙwarai: taliyar nan gajera mai yankan alƙalami sunanta penne, kuma idan aka zubar da "n" ɗaya, kalmar ta koma sunan al'aurar namiji. Saboda haka a danna "n" ɗin sosai, musamman gaban baƙi.

3. A Italiyanci, ch "k" ce. Bruschetta, wato gasasshen burodi da tafarnuwa da man zaitun, "brusketta" ce. Shi kuwa c kafin e ko i, irin namu ne na "ci": ciabatta "cabatta", focaccia "fokacca".

4. A Sifaniyanci abin ya juye, ch ita ce "c" ɗinmu. Churros "curros", gazpacho kuma, miyar tumatir mai sanyi ta yankin Andalus, tana ƙarewa da "co".

5. Gn na Italiya da ñ na Sifaniya sauti ɗaya ne, "ny". Lasagne "lazanye", gnocchi "nyokki", jalapeño "halapenyo". Gli na Italiya kuma "ly" ne: tagliatelle "talyatelle", farkonta kamar ana shirin cewa taliya.

6. Ll a Sifaniyanci "y" ce a yawancin wurare. Paella, shinkafar Balensiya da ake dafawa a faffaɗan kasko, "pa-eya" ce. Tortilla "tortiya", amma a kula: a Sifaniya wainar ƙwai ce da dankalin Turawa, a Meziko kuwa siririyar waina ce ta garin masara ko alkama. Mutanen Buenos Aires sukan mai da ll ɗin "sh", kuma ba kuskure suka yi ba.

7. A Sifaniyanci, j "h" ce daga maƙogwaro, kusa da "kh" ta Larabci. H kuwa ba a furta ta sam. Qu "k" ce: quesadilla "kesadiya".

8. A yi aiki a kan "p". Ba mu da ita, shi ya sa pizza ke zama "fiza". A rufe leɓɓa gam kamar za a ce "b", sannan a saki iska. Zz ɗin kuma ta yi kusa da "ts" ɗinmu, sai dai a sassauta ta: "pittsa".

9. Wannan ce ta fi damuna, domin ta wuce batun iya lafazi. Akwai sunayen da ya kamata kowane gidan Musulmi ya gane su a ido da kunne, saboda naman alade ne: prosciutto ("proshutto"), pancetta ("pancetta"), guanciale ("gwancale"), jamón ("hamon") da chorizo. Carbonara ta asali da guanciale ake yin ta. Risotto sau da yawa ana zuba masa farar giya wajen dahuwa, wasu kuma suna sa giya a tiramisù. Matafiyi ya haddace "senza maiale" ("sentsa mayale") a Italiya da "sin cerdo" a Sifaniya, duka ma'anarsu ba da alade ba. A koya wa yara su ma, tun kafin su fara zaɓar gwangwani da kansu a kantin zamani.