Dafniya da maganin ƙwari

Ruwan sama yana kwasar maganin ƙwari daga gonaki zuwa tabki. Masana suna auna ƙarfin gubarsa da dafniya, wata ƴar halittar ruwa marar ƙashin baya, abincin ƙananan kifaye.

Ana zuba ruwa cikin kwalabe, a ɗiga magani: wata kaɗan, wata da yawa, wata babu ko ɗigo. Kowace kwalba a sa mata dafniya 5. Bayan awa 48, sai a girgiza a hankali. Wadda ta yi sakan 15 ba ta yi iyo ba, guba ta kama ta.

In magani kaɗan ya kama rabinsu, gubarsa mai ƙarfi ce.

Tambaya: Don mi ake barin kwalba guda babu magani?