Idan Birki Ya Fara Harbin Ƙafa: Abin Da Za A Yi Da Wanda Ba Za A Yi Ba

Ranar Alhamis da sassafe motocin Garki kan kama hanyar kasuwar Maigatari, Golf da Sharon da bas-bas, kowace an danƙara mata kaya har but ya ƙi rufuwa. A cikinsu ba a rasa wadda in direba ya taka birki sai matakin ya dinga harbin tafin ƙafarsa, sitiyari na rawa a hannunsa. In ka yi masa magana ya ce, "Ai haka take, mun saba." Wannan sabo ba shi da wurin zama a motar da ke ɗauke da rayukan mutane.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin wili. Faifan birki, wanda makanikai ke ce wa dis, yana juyawa tare da taya. In ka taka, man birki ya tura kalifa, ita kuma ta matse fad biyu a jikin faifan. In kaurin faifan bai daidaita ba, duk sa'ad da wuri mai kauri ya zagayo sai ya tura fad baya, turin ya biyo mai har zuwa ƙafarka. Bambancin milimita 0.02, wanda bai kai kaurin gashin kai ba, ya isa ka ji shi. Yankinmu shimfiɗaɗɗe ne, ba mu da dogayen gangara masu ƙona birki. Abin da ke lalata shi a nan lodi ne, da gudu, da rairayi, da ruwan damina, da ɗaurin noti na ganganci.

ABIN DA ZA A YI

1. Ka fara gano lokacin da rawar take zuwa. Nemi miƙaƙƙiyar kwalta inda babu mutane babu dabbobi, motar kuma babu fasinja. Ka kai gudun kilomita 80, ka ɗage ƙafa daga totur, kada ka taɓa birki. In tana karkarwa a haka, ka duba taya: ko ta yi ƙulu, ko wili ya lanƙwashe a rami, ko balansin ya tafi. In kuwa sai ka taka take zuwa, tana lafawa yayin da gudu ke raguwa, to faifai ne ko duram.

2. Ka lura da inda take fitowa. In sitiyari ne ke rawa, matsalar a gaba take. In a kujera kake jin ta, tana bugun bayanka, ka nufi ƙafafun baya. Yawancin Golf 3 duram ne a bayansu. A gudun da bai wuce kilomita 30 ba, ka danne maɓallin birkin hannu da yatsa, ka ja a hankali. In ka ji yana kamawa yana saki, duram ya daina zama da'ira.

3. Ka san bugun ABS. In ka taka da ƙarfi a kan rairayin da iska ta kwaso bakin titi, ko kan jiƙaƙƙiyar kwalta, za ka ji matakin yana kaɗawa da sauri tare da gurnani. Wannan aikin na'urar ne, tana hana taya cijewa don sitiyari ya ci gaba da juyuwa. Ka danne ƙafarka, kada ka ɗaga. Amma in yana yi maka haka a busasshiyar kwalta, dab da tsayawa, kana takawa a hankali, to sensa ta yi datti, ko zoben da take karantawa ya tsage. A kai ta a duba da kwamfuta.

4. Ka zagaya motar bayan tafiya. Ka kara bayan hannunka kusa da kowane wili ba tare da ka taɓa ba. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa hucin zafi, ko kana jin ƙauri daga gare shi, kalifar wannan gefen ta maƙale. Robar da ke rufe fil ɗinta kan yage, ƙura ta shiga, giris ya bushe, fad ya dinga gugar faifai ko ba ka taka ba. In ba a gyara wannan ba, sabon faifai ma haka zai ƙare.

5. Ka sa a ɗaga ta a jak a girgiza. A tokare ta da abu mai ƙarfi tukuna. A kama taya sama da ƙasa a jijjiga: in akwai wasa, boris ne ko boljoyin. A kama ta dama da hagu: in akwai wasa, tairod ne. Waɗannan kan ninka ƙaramar rawa ta zama babba, kuma sayen faifai ba zai kawar da su ba.

6. Ka dage sai an auna. Ido ba ya ganin wannan ciwo. A auna kaurin faifan a wurare 8 kewaye da shi, sannan a kafa agogon awo a juya shi a ga karkacewarsa. A yawancin ƙananan motoci ba a so ta wuce milimita 0.05. A jikin faifan akwai haruffan MIN TH da lamba a gabansu, ita ce iyakar siririntar da aka yarda ya kai. In makanikenka ba shi da waɗannan ma'aunai, ka tafi Dutse ko Kano. Kuɗin man da za ka ƙona bai kai na faifan da za ka saya a banza ba.

7. Ka tsaya a kan makanike a kankare mazaunin faifan. Kafin a ɗora sabo, a goge fuskar hob da burushin ƙarfe har ta yi fes. Ɓarɓashin tsatsa ko ƙwayar rairayi ɗaya a tsakaninsu ta isa ta karkatar da shi, bayan 'yan watanni rawa ta dawo. A wanke man da ke jikin sabon faifan ma.

8. Ka sa a ɗaure noti a tsallake. A ɗaure ɗaya, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, kaɗan-kaɗan, sannan a kammala da sifana mai awo. Corolla da Camry na son 103 Nm, Golf 3 kuma 110 Nm.

9. Ka horar da sabon birki. A hanyar da babu kowa, ka sauko daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau 8, ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya ya huce. A kilomita 200 na farko ka bi shi da lalama.

ABIN DA BA ZA A YI BA

1. Kada ka yi lodin fasinja da birki mai harbi kana cewa sai bayan kasuwa. Birkin da ke kamawa yana saki ba zai tsayar da kai inda ka nufa ba. A hanyoyinmu amalanken shanu, da garken awaki, da yaro a kan keke ba sa sallama kafin su shigo titi.

2. Kada ka canza fad kaɗai ka bar faifan da ya lalace. Sabon fad zai bi tudu da kwarin tsohon faifai ya lalace shi ma. Kada kuma ka canza gefe ɗaya. Dama da hagu tare ake yi, in ba haka ba mota za ta dinga fizga gefe in ka taka. Fad da ya ragu zuwa milimita 3 ya gama aikinsa.

3. Kada a fere faifai ya wuce iyakarsa. Fira a injin fere ƙarfe halal ce muddin kaurin da zai rage bai gaza lambar da ke jikinsa ba. Siririn faifai ba ya ɗaukar zafi, yana iya tsagewa. Wanda ya ɗauko injin wasa wuƙa na hannu zai gyara maka faifai, ka karɓe kayanka ka tafi.

4. Kada ka watsa wa birki mai zafi ruwa. Kada ka sauko daga doguwar tafiya ka miƙa ta wurin wanki nan take, kada kuma ka afka kududdufi da gudu. Bayan taka birki mai tsanani, kada ka danne matakin kana tsaye: fad zai bar shatinsa a jikin faifan, daga nan tudu ke farawa. In wurin ya ba da dama, ka ɗan gangara gaba kaɗan.

5. Kada ka bar mai faci ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa. Noti ɗaya ya ɗauru fiye da kima, wani bai kai ba, faifai ya zauna a karkace. Wani lokaci ma ƙusar ce ke miƙewa ta karye a kan hanya.

6. Kada ka yarda a cire fis ɗin ABS ko a kashe fitilarsa a dashbod. Kashe fitila ba ya warkar da komai. Ranar da ka taka a kan rairayi, taya za ta cije, sitiyari ya daina jin maganarka.

7. Kada a toshe bututun birkin wata ƙafa don tana yoyo, kada kuma a zuba ruwan sabulu a madadin mai. Wanda ya yi haka ya sa rayukan mutane a caca. Ka duba murfin tankin ka ga abin da aka rubuta. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230, ruwa kuwa a 100 yake tafasa, ya zama tururi, matakin ya nutse har ƙasa. Man birki yana shan laima, don haka a sauya shi duk shekara 2, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba.

8. Kada a shafa baƙin mai ko giris ɗin boris a fil ɗin kalifa. Yana kumbura roba, fil ya sake maƙalewa. Akwai giris na birki, shi za a nema. Ko ɗigo kada ya taɓa fuskar faifai ko fad.

9. Kada araha ta ruɗe ka. A kasuwa irin ta Ƙofar Ruwa a Kano akwai mai kyau, akwai na banza. In ɗan Beljiyom za ka saya, a auna shi a gabanka kafin ka biya. Fad da aka liƙa wa sabuwar fuska a gindin bishiya yana iya ɓallewa in ya ji wuta.

10. Kada ka haɗa lodi da gudu. In nauyi ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. In gudu ya ninka, zafin ya ninka sau 4. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta ƙayyade kilomita 80 a kan babbar hanya, 50 a cikin gari. Tun daga nesa ka rage da giya, kada ka bari sai ka iso tudun rage gudu ka daka birki.

Mai mota, in direbanka ya ce birki na harbi, ka ba shi kuɗin gyara a ranar, kada ka ce ya fara kawo balas. Shugabannin tasha, motar da aka san birkinta na rawa kada a ba ta layi sai ta dawo daga gareji. Fasinja kuma, in kujera na bugunka duk lokacin da aka taka, ka yi magana, in an ƙi ji ka sauka. Allah ne mai kiyayewa, amma amanar da ya ɗora wa direba ita ce ya fito da motar da za ta tsaya in an ce ta tsaya.