Tarayyar Ma'aikatan Reluwe: Daga Ikko Zuwa Gusau

Layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Turawa sun shimfiɗa shi ne domin kwasar auduga da gyaɗa da fatu na Lardin Sakkwato, har manoman Bunguɗu da kewaye suka riƙa kai amfaninsu tashar Gusau. Amma jirgin ya zo da wani abin da Turawa ba su yi nufi ba, watau ƙungiyar ƙwadago.

Tun farko ma'aikatan reluwe ba tsintsiya ɗaya ba ne. Direbobi suna da ƙungiyarsu, ma'aikatan tasha suna da tasu, makanikai kuma da tasu daban. Leburan gyaran dogo, wanda shi ne ya fi kowa shan rana, shi ne kuma ba a jin muryarsa. Wannan rarrabuwa ta yi wa hukuma daɗi ƙwarai, domin ta kan sasanta da wani sashe ta ƙyale saura.

Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938 ce ta halatta kafa ƙungiya, kuma a Janairun 1940 Ƙungiyar Ma'aikatan Reluwe ta zama ta farko da aka yi wa rajista a Nijeriya, a ƙarƙashin Michael Imoudu. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo tsadar abinci da sutura, albashi kuwa yana nan inda yake. Da Imoudu ya matsa wajen neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, sai aka kore shi daga aiki a 1943, aka tsare shi har 1945.

A Yunin 1945 aka shiga yajin aikin gama-gari wanda ya haura kwana 40, ma'aikatan reluwe ne kuwa ƙashin bayansa. A nan ne amfanin haɗuwa ya fito fili. Jirgi ba ya motsi sai direba da mai zuba gawayi da mai ba da hanya da mai gyaran dogo duk sun yarda; idan suka janye hannu tare, buhun gyaɗar da ke jibge a Gusau ba zai ga tashar ruwan Apapa ba. Dole gwamnati ta kafa kwamitin Tudor Davies, wanda a 1946 ya amince da ƙarin.

Bayan haka ƙungiyoyin suka gwada zaman tarayya, kowace tana riƙe da shugabanninta da asusunta, wanda shi ne raunin tsarin, don rikicin shugabanci bai ƙare ba. Sai a 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta narkar da ƙungiyoyin ƙasar zuwa 42, na reluwe suka zama guda. Haɗin ya zo ne da umarnin soja, a lokacin da manyan motoci suka riga suka fara ƙwace wa jirgi dakon kaya.