ME YA SA RUWAN GISHIRI YAKE RINEWA JA?

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a Samaru ya san yadda ruwan Kubanni yake komawa jajawur bayan an sheƙa ruwan sama a watan Agusta. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne: jar ƙasa ce ruwa ya kwaso daga gonaki da hanyoyi. Idan aka ɗebi ruwan a kwalba aka ajiye, sannu a hankali laka za ta kwanta, ruwa ya washe. To amma akwai wasu ruwaye a duniya da suke yin ja ko ruwan hoda ba da damina ba, sai a tsakiyar rani. Su ne za mu yi nazari a kansu a wannan darasi.

Daga Balma Zuwa Dakar

Ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu sami misali. Gishirin Balma, wanda ayarin raƙuma suka daɗe suna kawowa ƙasar Hausa a matsayin kantu da beza, ana samun sa ne daga ramukan Kalala a yankin Kawar na Jamhuriyar Nijar. Haka kuma a Tigidda-n-Tesum, arewa da Ingal, akwai ɗaruruwan ƙananan ramuka da ake shanya ruwan gishiri a cikinsu. Wani ramin rawaya ne, wani ja, wani ruwan ƙasa, gwargwadon irin lakarsa da kaurin gishirinsa da halittun da ke cikinsa.

Misalin da ya fi shahara a Afirka ta Yamma shi ne Tafkin Retba na ƙasar Senegal, kimanin kilomita 35 arewa maso gabas da Dakar. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri giram 35 a kowace lita, amma na Retba yakan haura giram 300. Saboda haka ne masu haƙar gishiri suke shafe jikinsu da man kaɗe kafin su shiga, domin kada ruwan ya cinye musu fata.

Masu Rinin

A shekarar 1838 wani masanin tsirrai Bafaranshe, Michel Félix Dunal, ya binciki jan ruwan wuraren shanya gishiri kusa da Montpellier, ya gano cewa wata ƙanƙanuwar halitta ce mai ƙwaya ɗaya, dangin gansakuka, wadda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. A 1905 aka raɗa mata suna Dunaliella don tunawa da shi.

Yaya take rayuwa inda kifi ba ya iyawa? Mun san idan aka barbaɗa wa nama gishiri yakan tsotse ruwan jikinsa. Haka gishiri yake yi wa mafi yawan halittu. Ita kuwa Dunaliella salina tana tara sinadarin gilisarin a cikinta, wanda yake riƙe mata ruwa. Asalinta koriya ce, amma idan rana ta ƙwalle, gishiri ya yi kauri, abinci ya yi ƙaranci, sai ta shiga ƙera sinadarin beta-karotin domin ya kare ta daga zafin haske. Wannan shi ne sinadarin da ya ba karas da manja launinsu, wanda kuma jikin ɗan'adam yake mayarwa bitamin A. Wato duk mai sayen manja a kasuwar Sabon Gari ya riga ya san wannan rini, sunansa ne kawai bai sani ba.

Ba ita kaɗai ke aikin ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu son gishiri, dangin Halobacterium, masu jan launi a fatarsu. Bincike ya nuna cewa a inda gishiri ya fi kauri, yawancin jan da ido yake gani nasu ne.

Ranar Da Launi Ya Ɓace

A damina ta 2022 ambaliya ta auka wa unguwannin bayan Dakar, ruwa mai yawa ya kwarara cikin Retba. Gishiri ya tsinke, tafkin ya koma kore. Masu haƙar gishiri da masu kwale-kwale da masu sayar wa baƙi tsaraba duk suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Sai a 2025 launin ya dawo, bayan ruwan ya ragu. Wannan ya tabbatar da cewa launin ba ado ba ne kurum: ma'auni ne na gishirin da jama'a suke ci da sha daga gare shi.

Ba Kowane Ja Ne Na Gishiri Ba

A daren 21 ga Agusta 1986, Tafkin Nyos na Kamaru ya yi aman iskar kabon-dayoksaid, ta hallaka mutane fiye da 1,700. Da gari ya waye an tarar da shuɗin tafkin ya koma ja, domin ruwan ƙarƙashi mai ɗauke da sinadarin ƙarfe ya taso sama, ya haɗu da iska ya yi tsatsa.

A gida kuwa, abin da ya kamata mu fi lura da shi shi ne koren kududdufi. Idan da bazara ruwa ya yi kauri kamar an zuba koren fenti, alama ce taki da ƙazanta sun yi yawa, wasu ƙwayoyin halitta sun hayayyafa. Wasunsu suna fid da dafi mai lalata hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin. Kada a shayar da dabbobi a irin wannan wuri, kada kuma yara su yi wanka a ciki.

Kammalawa

Mun ga ja iri uku: na laka a Kubanni, na halittu a Retba, na tsatsa a Nyos. Ido yana ganin su kusan ɗaya, amma sababinsu daban-daban ne. Don haka idan ɗalibi ya ga ruwa ya sake launi, ya tambayi kansa abu uku: wane lokaci ne na shekara, me ya shiga ruwan, kuma idan an ajiye shi a kwalba, launin yana kwanciya ko kuwa?